Farin Kwat ɗin Maestro Teryo

Duk wanda ya tashi a Taal a wancan zamani ya san farin kwat ɗin Maestro Teryo. Shi ne shugaban makarantar firamare ta garinmu, shi ya sa muke ce masa Maestro, wato malam, kuma tun yana saurayi ba a taɓa ganinsa a kan titi ba sai cikin kwat da wando na farin lilin, da malafa a ka. Ba wai shi kaɗai ke sa irinsa ba. Ma'aikatan gwamnati suna sawa, masu gonakin rake suna sawa, angwaye ma sukan ara su sa. Sai dai kafin rana ta take nasu ya yamutse, gumi ya jiƙa gadon baya, ƙurar keken doki ta rine ƙafar wando. Shi kuwa Maestro yadda ya fita da safe haka yake dawowa. A watan Afrilu, lokacin da karnuka ma ke kasa haushi don zafi, sai ka hango shi yana gangarowa daga tudun coci, fari fat, har ido ba ya iya daɗewa a kansa. Mata masu tallar kifi sukan janye kwandunansu daga hanya tun bai ƙaraso ba, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su janye.

Kowa ya san hannun da ke bayan wannan fari, hannun matarsa ne, Aling Sela. Sana'arta ado da allura a kan yadin zaren abarba, kamar rabin matan garin, amma wankin kayan mijinta shi ta ɗauka tamkar ibada. Takan kai su bakin kogi ta sa sabulu, ta shimfiɗa a kan ciyawa cikin rana tana yayyafa ruwa har su yi haske, ta ɗauraye da bula, ta sa sitacin shinkafa. Sannan ta hura gawayi a dutsen guga, tana goga gindinsa a ganyen ayaba don ya yi santsi. 'Yarsu guda ɗaya, Luningning, wadda muke kira Ning, tun tana ƙarama take tsayawa tana kallo, amma ko hannun riga ba a taɓa bari ta riƙe ba. Ko da ta girma ta kama aiki a kantin magani, in ta matso sai uwar ta ce, "Ke, je ki ƙirga ƙwayoyinki."

Sai Aling Sela ta kwanta ciwo. Ta daɗe tana jinya, ta rasu da farkon zafi.

A al'adarmu shekara guda ake yi ana makoki. Mata su sa baƙi, maza kuwa ɗan baƙin ƙyalle kawai suke ɗaurawa a dantse, a kan kayansu na kullum. Ranar da shekara ta cika a yi addu'a, a sauke baƙin, a ci abinci, tsofaffi su ce yanzu mamaci ya samu hanya ya wuce. Babang luksa muke ce wa ranar. To, Maestro bai tsaya a ƙyalle ba. Zuwa ya yi ya zaƙulo wani baƙin kwat na ulu, mai kauri kamar bargo, wanda ƙanensa ya taɓa aiko masa daga ƙasar sanyi inda yake aikin gwangwanin kifi. Shi ya sa ranar jana'iza, shi ya sa washegari, shi ya ci gaba da sawa. Ulu fa, jama'a, a Taal! Ya ajiye aikin makaranta. Kullum da yamma sai ya taka har maƙabarta cikin wannan bargo, ya dawo sharkaf da gumi, ya zauna a gaban abinci yana juya cokali.

Ning tana kallo ubanta yana ƙarewa. Wuyansa ya fito daga cikin kwala, agogon hannunsa ya koma zamewa har bayan hannu. Likita ya ja ta gefe ya ce ba wani ciwo da zai rubuta wa magani; in mutumin nan ya sake cin wani zafi cikin ulu ba ya cin abinci, to ta shirya. Tsoro ya kama ta sosai. Ta rasa uwa, ga shi tana ganin uban yana bin sawu a hankali, da ƙafarsa.

Da ranar sauke baƙi ta matso, ta tare uban a baranda yana shan baƙin kofi.

"Itay, Asabar mai zuwa ce fa," ta ce. A wajenmu Itay muke ce wa uba, Inay uwa, ɗa ko 'ya kuwa anak.

"Na san kalanda, anak. Ni na koya miki ita."

"To sai a buɗe akwatin Inay a fito da farin kwat, ya sha rana."

Ya ajiye kofin. "Ku dai ku sauke naku. Ni a bar ni haka."

"Haba, Itay! Kowa ya sauke, kai kaɗai ka tsaya cikin baƙi? Me za a ce? Tsofaffi za su ce kai ka riƙe ta, ka hana ta tafiya."

"Su ce." Ya kama rigar a gefen cikinsa ya ja, ta taho kamar buhu. "Dubi nan. Baƙi yana rufa wa mutum asiri. Fari ba ya rufawa. Uwarki ba ta taɓa barina na fita da kwat yana lilo a jikina ba, ko sau ɗaya. Yanzu in sa aikinta in fita kamar an rataye shi a ƙusa, yara suna nuna ni? Ba zan kunyata ta ba."

"Sai a kai wa Ninong Ambo ya rage."

"Almakashi?" Muryarsa ta tashi, irin wadda take sa aji ya yi tsit. "A kan abin da ta ninke da hannunta? Ko tef ba zai taɓa ni ba. Ki gaya wa wannan tsohon, in yana son auna mutum ya je wurin masu akwatin gawa, suna neman ma'aikaci."

Mang Ambo tela ne, abokin Maestro tun suna yara, kuma uban baftismar Ning, shi ya sa take ce masa Ninong. Gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Da ta kai masa saƙon yadda aka ba ta, sai da ya yi dariya har ya share ido.

"Ya hana tef," ya ce, "amma bai hana runguma ba, ko?"

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, a gaban jama'a, Mang Ambo ya buɗe hannuwa ya yi kan Maestro. "Pare, aminina! Kwana biyu!" Ya rungume shi a ƙirji. Ya sake shi, ya sake rungumarsa a ƙugu. Ya dafa kafaɗunsa biyu da tafukansa ya daɗe yana girgiza kai, wai tausayi, leɓɓansa suna motsi.

"Pare," in ji Maestro, "jiya ma mun gaisa. Kuma tun da nake ban taɓa ganin mai gaisuwa yana lissafi da baki ba."

"Addu'a nake maka, kai mara godiya."

"Addu'ar taka ta kai inci nawa?"

Mutane suka kwashe da dariya, Mang Ambo ya yi gaba yana ƙunƙuni, hannuwansa a buɗe a gabansa kamar mai ɗauke da tulu, kada awon ya zube masa kafin ya isa shago.

Washegari da yamma, da Maestro ya kama hanyar maƙabarta, sai ga Mang Ambo ta ƙofar baya da tef a wuya da almakashi a aljihu. Ning ta kai shi ɗakin uwarta. Ta san abin da take shirin yi cin amana ne, amma ta gwammace uban ya yi fushi da ita yana raye. Ta ɗaga murfin akwatin, ƙanshin kafur ya cika ɗakin. Ga fararen kwat-kwat ɗin uban nan da wandunansu a jere, kowanne a naɗe cikin tsohon zanen gado, an wanke ba a sa sitaci ba don kada ƙwari su ci. Ta ɗauko na sama ta shimfiɗa a kan tebur.

Mang Ambo ya aza tef a ƙugun wandon. Ya duba. Ya ɗauke, ya goge tabarau, ya sake azawa. Ya koma kan kafaɗar kwat, ya auna ƙirji.

"Ninong, lafiya? Ya lalace ne?"

"Ni na yanka kwat ɗin nan," ya ce a hankali. "Na san awonsa kamar sunana. Ba haka na yanka shi ba." Ya nuna mata alamun da ya yi wa tef da alli bayan rungumar jiya. Ƙugu ya faɗa kan alama. Ƙirji ya faɗa kan alama. Kafaɗa ma haka, ba ƙari ba ragi.

Kwat ɗin zafi ba a yi masa shafi, don iska ta ratsa, saboda haka duk abin da aka yi masa a ciki a fili yake. Mang Ambo ya juya shi ya kai bakin taga. Ning ba ta iya ɗinki ba, amma wannan hannun ko cikin dubu za ta gane shi: ƙananan taku na allura, a jere, kamar an auna tsakaninsu da gashi.

"Inay," ta ce. Ta zauna a bakin gado.

Suka fito da sauran suka auna. Duk suna nan da girmansu na da. Wannan na saman kaɗai aka rage.

Mang Ambo ya yi alamar gicciye, ya mayar da almakashinsa aljihu. "Ni da mutumin a hannuna na auna shi, jiya jiyan nan. Ita kuwa a kan gadon ciwo, lokacin yana nan da ƙibarsa, ta auna mutumin da ba a yi ba tukuna. Kai! Ikon Allah. Ning, ni ba ni da aiki a nan."

Daren nan Ning ta daɗe ba ta kwanta ba. Mamaki take yi, har da ɗan tsoro. Ashe matar nan da ake ɗagawa a ba ta ruwa a cokali, tana kwance tana kallon shekarar da ba za ta gani ba, ta san mijinta zai ƙi abinci, ta san inda naman zai fara zubewa.

Ning ba ta gaya wa uban ba. Ta ɗauki kwat ɗin a ɓoye ta kai bakin kogi, ta yi masa duk abin da ta taso tana gani ana yi. Ta shimfiɗa shi a ciyawa tana yayyafa ruwa, ta ga yadda rana ke cinye ɗan rawayan ajiya har lilin ya koma yana ɗaukar ido. Sitacin farko ya yi kauri, ta zubar ta sake damawa. A gidan Mang Ambo ta yi gugar, tana tsoron tartsatsin gawayi kamar me.

Ranar Asabar da safe gidan ya cika. Dangi mata suna kicin, ana ta ƙamshin kifin tulingan da ya kwana a tukunyar ƙasa, ana naɗe shinkafa mai danƙo a ganye. Ning ta shiga ɗakin uban riƙe da kwat ɗin a kan hannuwanta biyu, Mang Ambo yana biye da ita. Maestro yana zaune a bakin gado, ya riga ya sa wandon ulu. Da ya ga abin da ta ɗauko, fuskarsa ta canza.

"Wa ya ba ki izinin buɗe akwatin nan?"

"Ba kowa, Itay. Ka yi mini duk faɗan da za ka yi. Amma ka gwada shi sau ɗaya, nan cikin ɗaki. In ya yi lilo a jikinka, na yi alkawari ba zan sake ɗaga maganar ba har abada."

Ya harari Mang Ambo. "Ka sa masa almakashi."

"Hannuna ya shanye in na sa masa, Pare."

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙe, da niyyar ya rufe musu baki kowa ya huta. Ning ta juya baya har ya sauya wando, sannan ta riƙe masa kwat ɗin ya zura hannu. Lilin ya hau kafaɗarsa ya zauna. Ya sa maɓalli, maɓalli ya shiga ba ja ba sako-sako. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya juya ya fuskanci madubin jikin kabad.

A cikin madubin ga Maestro Teryo tsaye, siriri, ya tsufa, amma shi ne, fari fat, ba inda yadi ya yi rara. Hasken taga ya faɗo a kansa, ɗakin gaba ɗaya ya yi haske. Wata gwaggo da ta leƙo da tire a hannu ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe, ta manta abin da ya kawo ta.

"Wa ya yi wannan?" in ji Maestro.

"Inay ce."

Ya buɗe gaban kwat ɗin ya dubi ciki. Ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. "Shi ya sa," ya ce. "Shi ya sa kullum take korata. Je ka sayo mini lemo, Teryo. Ba wannan ba, na waccan kasuwar." Ya yi ɗan murmushi, Ning ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya tambaya, "Sauran fa? Duk ta rage?"

"A'a, Itay. Wannan kaɗai."

Murmushin ya tsaya yadda yake, amma ya zama wani iri. Ya gyaɗa kai a hankali, ya koma ya zauna a bakin gado, ya haɗa hannuwansa a cinya, cikin natsuwar da ta fi kuka ban tsoro.

"Guda ɗaya," ya ce. "To ai shi ke nan, anak. Mutum kwat nawa yake buƙata a kabari? Ta san ina tafe. Ta shirya mini na tafiya, don kada in iso mata a wulaƙance. Ku cire mini shi ku ajiye, kada ya yi datti kafin ranar."

"Pare, wace irin magana ce wannan!" in ji Mang Ambo.

Ning ta ji kamar ƙasa ta tsage da ita. Da hannunta ta kawo masa abin da zai ƙarasa shi. Sai kuma wani abu ya faɗo mata. Jiya wurin guga, dutsen ya yi ta tuntuɓe a bayan ƙugu da gefen haƙarƙari, ta yi ta jin haushi tana zaton rashin iyawarta ne. Yanzu ta gane abin da ke tare shi.

Ba ta nemi izini ba. Ta durƙusa a gabansa, ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba sai wurin gaisuwa, ta tura shi cikin kwat ɗin ta gefe.

"Taɓa nan, Itay. Me ka ji?"

"Yadi ne."

"Yadin me? Wanda ta rage ne! Ba ta yanke ba, ko zare ɗaya. Ninkewa ta yi ta kwantar a ciki. Taɓa bayan wandon ma, yana nan." Hawaye suna zuba, muryarta tana tashi, a karon farko a rayuwarta tana yi wa ubanta tsawa. "Wa ke bar wa gawa wurin ƙiba? Ka gaya mini, kai ne malami! Mace tana mutuwa, allura tana faɗuwa daga hannunta, ta zauna tana lallaɓa yadi kada ya yanke, don wanda za a binne? Sauran kuma da ta bari da girmansu, wa ta ajiye wa? Ninong Ambo?"

"Ni ba za su rufe mini ciki ba," in ji Mang Ambo, yana jan hanci.

Maestro bai janye hannunsa ba. Yana ta shafa ninkin nan daga sama har ƙasa, gefen dama, sannan gefen hagu. Ya kai hannu bayan ƙugu ya daɗe a can. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Shekara guda ba wanda ya ga hawayensa, ko a bakin kabari, ranar nan ya yi kuka kamar yaro, ya sunkuyar da kai can gaba don kada ya ɗiga a kan lilin.

Da aka fito za a tafi coci, shi ne a gaba. Labari ya riga shi isa titi, ban san wa ya kai ba. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Mai keken doki ya ja linzami ya tsaya don kada ya tayar da ƙura. Tsofaffin ɗalibansa, wasu har da furfura, suka cire malafa. Ba wanda ya yi shewa ko tafi, kallo kawai ake yi, yana hawa tudun a hankali cikin rana. Ning tana bayansa, ta kasa ɗauke ido daga gadon bayan kwat ɗin, inda hannun uwarta yake kwance a ciki ba wanda ya gani.

Bayan addu'a aka dawo gida, mata suka sauke baƙi suka fito da kaya masu launi, aka zauna cin abinci. Ning ta zuba wa uban ɗan kaɗan yadda ta saba, don kada yawan ya kore shi. Ya shimfiɗa adiko a cinya, ya soke wani a wuya. Ya ci a hankali har ya cinye. Sannan ya ɗaga farantin ya miƙo mata.

"Ƙara, anak. Har da kifin."

Ta tsaya riƙe da ludayi tana kallonsa.

"Zuba mana," ya ce. "Ta bar mini wajen yatsa huɗu a ƙugu. In na je ban cike su ba, da wane ido zan kalle ta?"